Ranar Faci a Valheim: Yadda Za Ka Tsallake da Duniyarka da Mod Ɗinka Lafiya

Tambayar nan ba ta ƙarewa. Duk ranar da kamfanin Iron Gate ya saki sabon faci, wato gyara ko sabuntawa, na wasan kwamfutarsa Valheim, sai saƙonni su fara shigowa iri ɗaya: jiya wasa lafiya ƙalau, yau ya tsaya cak a baƙin allo, ko na shiga na tarar rabin gidana babu, ko sabar abokaina, kwamfutar da muke haɗuwa mu yi wasa tare a kanta, ta kore ni da rubutun "Incompatible version". Kusan duk masu wannan kuka da mod suke wasa, wato ƙare-ƙaren da 'yan wasa ke rubutawa su ɗora a kan wasan. Maimakon in ci gaba da amsa wa kowa shi kaɗai, ga matakan a jere yadda ya kamata a bi su. Jagoran na masu wasa ta Steam ne a kan Windows; inda Linux ta bambanta zan faɗa.

Riƙe abu ɗaya kafin mu fara. Facin gyara, wanda aka yi don wasan ya daina faɗuwa ko ya rage nauyi, ba ya kawo sabon dodo ko sabon yanki, shi ya sa ake raina shi. Alhali shi ne ke taɓa hanjin wasan. Valheim ba shi da tallafin mod a hukumance. Mod-mod ɗin suna shiga ne ta BepInEx, manhajar da ke loda su cikin wasan, su maƙale a jikin ayyukan da ke cikin fayil ɗin assembly_valheim.dll, suna kiran kowanne da sunansa. Kamar rumfa ce da aka jingina da katangar gida: mai gida ya gyara katangarsa ya matsar da ita taku ɗaya, gida ya ƙara ƙarfi, rumfa ta zube. Haka aka gani a tsakiyar 2023 da facin 0.216.9, wanda ya sake tsarin yadda wasan ke adana abubuwan da ke cikin duniya. Wasan ya amfana, amma mod masu yawa suka tsaya sai da masu su suka sake zama a kansu. Da wuya facin da kansa ya cinye maka duniya. Abin da ke cinye ta shi ne ka buɗe ta alhali wasu mod ba su tashi ba, wasan kuma ya yi ajiya a kan hakan.

Abin da za ka tanada

Manhajar sarrafa mod. r2modman nake ba da shawara, kuma da ita zan yi misali. Kyauta ce, tana ɗauko mod daga shafin Thunderstore. Mai amfani da manhajar Vortex da shafin Nexus Mods zai iya bin tsarin nan, sunayen maɓallai ne kawai za su bambanta. Sai filash ko wani faifai daban da na kwamfutarka, da Notepad don karanta rahoton wasan.

Batun kuɗi: da wasan ya fito a matakin gwaji ranar 2 ga Fabrairu 2021 an sa masa dala 19.99, kuma faci ba a biyan ko sisi a kansa. BepInEx da mod ɗin Thunderstore kyauta ne. Abin da zai ci maka kuɗi data ce, musamman in kana ta sauya siga gaba da baya, domin kowane sauyi sabon saukewa ne. Sai kuɗin wata in hayar saba kuke yi.

1. Taka wa Steam birki tun kafin faci ya zo

A jerin wasanninka danna Valheim da maɓallin dama, ka shiga Properties, sannan Updates. Zaɓi wanda ke cewa kada a sabunta sai ka buɗe wasan. A tsohuwar fuskar Steam an rubuta "Only update this game when I launch it", a sabuwa kuma "Wait until I launch the game".

Gargaɗi: wannan bai hana sabuntawa ba, jinkirta ta kawai ya yi. Ribarsa ita ce ranar da faci ya sauka za ka ga maɓallin Play ya koma Update, ka san akwai magana. Kuma r2modman ta cikin Steam take buɗe wasan, don haka danna "Start modded" daidai yake da ba Steam izinin sabuntawa. Ka ga Update, ka janye hannunka, ka wuce mataki na biyu.

2. Kwafe duniya da jarumi

Nan ne aikin gaske yake, kuma nan aka fi yin sakaci.

Rufe wasan gaba ɗaya. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan:

%USERPROFILE%\AppData\LocalLow\IronGate\Valheim

Za ka ga foldoji irin su worlds_local da characters_local, wataƙila da tsofaffin worlds da characters. Kwafe foldar Valheim ɗin nan ɗungurungum zuwa filash, ka sa mata suna mai kwanan wata da lambar sigar wasan. A Linux wurin shi ne ~/.config/unity3d/IronGate/Valheim.

Ba ka gama ba. Idan ajiyarka tana kan Steam Cloud, wato ma'ajiyar Steam ta intanet, ba a wannan foldar take ba. Shiga foldar Steam, sannan userdata, sannan foldar mai lambar asusunka, sannan 892970, sannan remote. Lambar 892970 ita ce lambar Valheim a Steam. Kwafe remote ita ma. Mutane da yawa suna kwafe wuri na farko su kwanta da murna, sai ranar buƙata su tarar duniyar da suka daina shiga tun bara suka adana.

Ka san abin da kake kwafewa. Kowace duniya fayil biyu ce masu suna ɗaya: .fwl ɗan ƙarami mai ɗauke da suna da irin da aka tsiro taswirar da shi, da .db mai nauyi wanda ke ɗauke da gine-gine, akwatuna, ramukan da ka haƙa da dabbobin da ka horar. Ɗaya ba ya aiki ba tare da ɗayan ba. Jarumi kuma, wato mutumin da kake wasa da shi, fayil ɗin .fch ne, kuma a cikinsa kayan jakarka suke, da ƙwarewarka, da wuraren da ka buɗe a taswira. Ka lura da wannan sosai, domin ma'anarsa ita ce za ka iya kare duniyarka tsaf amma ka yi asarar takobinka ta hanyar shiga wata duniyar gwaji da jaruminka na gaske.

Gargaɗi: kada ka dogara da fayilolin .old da ajiyar ko-ta-kwana da wasan ke yi da kansa. Suna da amfani, amma juyawa suke, sabo na ture tsoho. In ka yi awanni kana wasa a duniyar da ta riga ta lalace, lafiyayyen kwafin na iya ficewa daga layi. Haka Steam Cloud: abin da ka ajiye na ƙarshe yake ɗauka, lafiyayye ko gurgu. Sannan in wutar unguwarku ba ta da tabbas kuma kwamfutar tebur gare ka, kada ka fara kwafi ko sabuntawa sai kana da abin da zai riƙe ta, domin fayil ɗin .db da wuta ta yanke a tsakiyar rubuta shi ba ya buɗuwa.

3. Daskarar da jerin mod ɗinka

Buɗe r2modman, shiga furofayil ɗin da kake wasa da shi, wato jerin mod ɗinka da saitunansu, ka je Settings, ka nemi "Export profile as a file". Fayil ɗin da zai fito yana riƙe da sunan kowane mod, da sigarsa, da saitunanka. Ajiye shi kusa da kwafin duniyar. Daga nan koma shafin zaɓen furofayil ka shigo da wannan fayil a matsayin sabon furofayil, ka sa masa suna Gwaji. Duk wani taɓe-taɓe a cikin Gwaji za a yi shi. Na asali ba a taɓa shi sai komai ya daidaita.

Wanda ya zuba mod da hannu ba tare da manhaja ba, ya kwafe foldar BepInEx da ke cikin steamapps\common\Valheim gaba ɗaya, musamman plugins da config. In kana da wuri a faifai, kwafe foldar wasan duka. Ba ta da nauyi in an gwada da manyan wasanni.

4. Karanta bayanin facin, ka yanke shawara

Iron Gate na wallafa bayanin kowane faci a shafin labaran wasan a Steam. Kada ka tsaya a kanun. Abubuwa huɗu ake nema.

In ka ga an ɗaga sigar Unity, injin da aka gina wasan a kansa, to BepInEx kansa na iya buƙatar sabuntawa, kuma in shi bai tashi ba babu mod ɗin da zai tashi. In ka ga an taɓa tsarin ajiya, ka ɗauka hanya ce mai tafiya ba dawowa: duniyar da sabuwar siga ta buɗe ta ajiye ba lallai tsohuwa ta sake karanta ta ba. In an taɓa hanyar sadarwa, ku da saba dole ku tashi tare. In kuwa an taɓa fuskar jaka, jerin gini ko teburin ƙira, mod-mod ɗin da ke ƙara gurabe ko sauya waɗannan fuskoki su ne za su fara faɗuwa.

Facin da bai wuce gyaran rubutu, sauti ko ƙarfin wani dodo ba yawanci yana wucewa ba tare da ya kayar da komai ba, amma ko shi sai an gwada.

Ra'ayina: in mod ɗinka sun haura goma, ko akwai wanda ya ƙara kaya da gine-gine a duniyarka, ka jira. Bayan babban sabuntawa irin Mistlands na Disamba 2022 ko Ashlands na Mayu 2024, ƙananan faci na biyo baya a kusa-kusa, kuma mai mod da ya gyara yau na iya sake gyarawa jibi. Wanda ya bi kowane ɗaya da gudu aiki uku zai yi a maimakon ɗaya.

5. In jira za ka yi: koma sigar baya

Properties, sannan Betas, wanda a sabuwar fuska ake kira Game Versions & Betas. A jerin za ka ga reshen default_old, wato sigar da ta gabaci ta yanzu. Zaɓe shi, Steam zai sauke, ka ci gaba da wasa da mod ɗinka yadda suke. Akwai kuma rassa da aka tsayar a gaban manyan sabuntawa, kamar default_preml na kafin Mistlands da default_preal na kafin Ashlands.

Gargaɗi na farko: default_old ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan wani faci ya sake fitowa, reshen na iya matsawa gaba ya zama ainihin sigar da kake gudu. Mafaka ce ta 'yan kwanaki, ba gidan zama ba. Ka bar saitin mataki na 1 a kunne ko kana kansa.

Gargaɗi na biyu: muddin kana kan tsohuwar siga, kada ka danna "Update all" a r2modman. Sabon mod da aka gyara don sabon faci yana iya ƙin aiki a tsohon wasa, ka koma kana da matsalar da ka guda ta ɗaya ɓangaren.

Gargaɗi na uku: akwai reshen public-test, inda ake gwada faci kafin ya isa ga kowa. Kalmar buɗe shi ita ce yesimadebackups, wato kana shaida da bakinka cewa ka yi kwafin ajiya. Masu rubuta mod na shiga can don su shirya tun da wuri, kuma wannan ne dalilin da wasu mod ke fitowa a gyare ranar da faci ya sauka. Kai mai wasa, kada ka kai duniyarka ta gaske can.

6. Sabunta, ka gwada wasan tsurarsa

Ranar da ka shirya, mayar da zaɓin Betas zuwa None, ka bar Steam ya gama. A r2modman danna "Start vanilla". Wanda ya zuba da hannu ya sauya wa winhttp.dll da ke foldar wasan suna na ɗan lokaci. Ta wannan fayil BepInEx ke shiga, in babu shi wasan zai tashi ba mod.

Ƙirƙiri sabon jarumi da sabuwar duniya, ka sa musu suna Gwaji. Yi yawo kaɗan, sare bishiya, fita, ka sake shiga. In wasan na faɗuwa a nan, ba laifin mod ba ne: je Properties, Installed Files, "Verify integrity of game files", sannan ka duba direban katin hotonka.

Gargaɗi: tantance fayiloli ba ya goge abin da ka ƙara da hannunka. BepInEx na nan daram bayan an gama, don haka kada ka ɗauka wasan ya koma tsurarsa saboda ka danna wannan maɓalli. Kuma a wannan mataki ko da wasa kada ka zaɓi jaruminka na gaske.

7. Sabunta mod daga tushe zuwa sama

A cikin furofayil ɗin Gwaji, bi wannan jeri. Fara da BepInExPack_Valheim. Sai ginshiƙan da wasu mod ke tsaye a kansu, babbansu Jötunn. Sai manyan mod masu ƙara kaya, dodanni da gine-gine. Ƙananan na jin daɗi, irin masu jera kaya a akwati ko faɗaɗa taswira, su ne na ƙarshe.

Kafin ka sabunta kowanne, leƙa shafinsa ka karanta jerin canje-canje. Kana neman layin da ya ambaci lambar sabon facin. Tsohon kwanan wata ba hujja ba ce cewa mod ya mutu. Wani ƙaramin mod na iya shekara ba a taɓa shi ba yana aiki, saboda abin da ya jingina da shi bai motsa ba. Wanda aka yi wa alamar Deprecated kuwa, mai shi ne ko masu kula da shafin ke ce maka ka nemi wani.

Gargaɗi a kan saituna: wani lokaci sabon mod na sauya sunayen saitunansa, tsohon fayil ɗin .cfg da ke BepInEx\config ya rikita shi. In mod ya tashi amma yana abin da ba a saba ba, matsar da .cfg ɗinsa waje, ka buɗe wasan ya ƙirƙiri sabo, sannan ka mayar da lambobinka ɗaya bayan ɗaya kana kallon tsohon.

8. Karanta rahoton BepInEx

Danna "Start modded". Baƙar taga mai rubutu za ta buɗe tare da wasan. Kada ka rufe ta, rufe ta rufe wasan ne. Duk abin da ta nuna yana shiga fayil ɗin LogOutput.log a foldar BepInEx. A r2modman, Settings sannan "Browse profile folder" zai kai ka wurin.

Abin da za ka fara nema shi ne layukan Loading, kowanne da sunan mod da sigarsa, har zuwa "Chainloader startup complete". Ƙirga su. In ka zuba ashirin ka ga sha takwas, biyu ba su tashi ba, ko da wasan ya buɗe lafiya. Wannan shi ne yanayi mafi haɗari, domin babu abin da zai tsayar da kai.

Daga nan nemi jan rubutu. MissingMethodException da MissingFieldException na nufin mod ya kira wani abu da facin ya cire ko ya sauya wa suna. Babu saitin da zai gyara wannan, sai mai mod ya sake gini. TypeLoadException danginsu ne. Layin da ke cewa "missing dependencies" na nufin ginshiƙi ne babu ko ya tsufa, koma mataki na 7. NullReferenceException da ke ta zubowa ba tsayawa shi ne yawanci ke sa wasa ya riƙa sarƙewa.

Gargaɗi: kuskuren farko ake bi, ba na ƙarshe ba. Guda ɗaya a sama na iya haifar da ɗaruruwa a ƙasa. Hau can sama, ka karanta layukan da ke ƙarƙashin jan rubutu na farko. Sau da yawa sunan mod mai laifin na ciki.

9. In rahoton bai faɗi suna ba, raba biyu

Kashe rabin mod ɗin da maɓallin Disable, ka bar ginshiƙai a kunne. Buɗe wasan da jarumin Gwaji. In matsalar ta tafi, mai laifin na cikin waɗanda ka kashe. In tana nan, yana cikin na kunne. Sake raba wannan rabin. Mod 32 zagaye biyar kawai suke buƙata, maimakon bin su ɗaya-ɗaya.

Kada ka tsaya a ganin wasan ya buɗe. Yi abin da kowane mod ke taɓawa: buɗe jaka, buɗe akwati, ɗaga guduma ka duba jerin gini, tsaya a teburin ƙira, shiga ƙofar tsafi, hau jirgin ruwa, kwanta barci, ka bar jarumin ya mutu ka je ɗaukar kayansa. Wasu kurakuran ba sa fitowa sai a ɗaya daga cikin waɗannan, kuma na mutuwa ya fi kowanne ciwo in a duniyar gaske ya same ka.

10. Mod ɗin da bai dawo ba

Wani mod ba zai dawo ba. Mai shi ya samu aiki, ya koma wani wasa, ko ya gaji. Fara da neman wanda ya ɗauki aikin ya ci gaba. Haka ta faru da Valheim Plus, wanda na asalin ya tsaya wasu suka ci gaba da gyara shi. In ka samu magaji, cire tsohon tukuna. Barin su biyu tare rigima ce.

In babu magaji, tambayi kanka: wannan mod ya bar wani abu a duniyata? Wanda ke sauya fuska ko lambobi kawai, cire shi ba komai. Wanda ya ƙara kaya ko gini kuwa, ga abin da ke faruwa. Wasan na buɗe jaka ko akwati, ya ga sunan abin da bai sani ba, ya rubuta "Failed to find item prefab" a rahoto, ya tsallake shi. Da an yi ajiya, abin ya tafi. Gine-gine kuma in ka kusanci yankin, wasan na goge abin da bai gane ba, kuma abin da ke tsaye a kansa na iya rushewa. Mayar da mod daga baya ba ya dawo da su.

Saboda haka cirewa a tsohuwar siga ake shirya ta, lokacin da mod ke aiki. Koma default_old, ka shiga, ka kwashe kaya daga akwatunan mod zuwa akwatunan wasan na asali, ka rushe ginin mod da guduma don ka samu kayansa, ka sa ginshiƙan asali inda na mod ke riƙe da rufi. In kana da mod mai ƙara gurabe a jaka, ko na sulke ko na abinci, kwashe komai daga waɗannan gurabe zuwa akwati. Fita, ka sake kwafin mataki na 2, sannan ka cire.

11. Mai riƙe da saba

Nauyin mutane har goma na wuyanka, don haka jerin nan ba a tsallake shi.

Sanar da kowa kada ya shiga. Kashe sabar da Ctrl da C a tagarta don ta yi ajiya kafin ta rufe, ba da alamar X ba. Kwafe foldar duniya tare da adminlist.txt, bannedlist.txt da permittedlist.txt. Lambar sabar a Steam 896660 ce. A SteamCMD, manhajar Steam ta rubuta umarni, ana sabuntawa da app_update 896660 validate, in kuma tsohuwar siga za ku zauna a ƙara -beta default_old, sannan kowane ɗan wasa ya koma wannan reshe.

Gargaɗi: sabuntawa na iya mayar da start_headless_server.bat yadda ya zo daga kamfani, sunan duniyarku da kalmar sirri su ɓace. Saba ta tashi da sabuwar duniya fayau, hankalin kowa ya tashi, alhali tsohuwar na nan ba a kira ta ba ne. Yi kwafin fayil ɗin da wani suna, da shi za ka riƙa tayar da saba.

In hayar saba kuke yi, shiga shafin sarrafa ta ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye in akwai zaɓin, domin saba mai sabunta kanta da tsakar dare za ta buɗe duniyarku da karyayyun mod ba wanda ya sani. Mod da yawa suna duba cewa sigarsu a saba da wurin ɗan wasa ɗaya ce, su kori wanda ya bambanta. Hanya mafi sauƙi: kai ka gama gwaji, ka yi "Export profile as a code", ka tura wa kowa lambar, su shigo da ita a matsayin sabon furofayil. Kada kowa ya sabunta nasa yadda ya ga dama. Masu shigowa daga Xbox ba sa iya zuba mod, don haka sabar da ke karɓarsu ba ta ɗaukar mod mai buƙatar kowa ya zuba.

12. Shiga duniyar gaske

Sai rahoto ya fito ba ja, adadin mod ya cika, gwajin mataki na 9 ya wuce. Shiga da jaruminka, ka duba jaka kafin ka taka ko'ina. Zagaya gida, buɗe akwatuna, leƙa sansanonin nesa ta ƙofofin tsafi. In ka ga ɓata, kada ka tsaya gyara kuma kada ka ɗauka fita da sauri zai cece ka, domin wasan na yin ajiya lokacin fita. Rufe shi, ka mayar da kwafinka.

Wajen mayarwa, .fwl da .db na rana ɗaya ake mayarwa tare, da .fch ɗin ranar. In ajiyar ta Steam Cloud ce, ya fi sauƙi ka zuba kwafin a worlds_local da characters_local, ka tabbatar da shi ta "Manage saves" a cikin wasan, sannan ka mayar da shi kan Cloud in kana so. In Steam ya tambaye ka wanne zai riƙe tsakanin na kwamfuta da na Cloud, karanta kwanan watan da kyau kafin ka danna.

13. Kai rahoto inda zai yi amfani

Matsalar da ke faruwa a wasa tsurarsa ta Iron Gate ce, a haɗa musu da Player.log da ke foldar LocalLow ɗin nan. Wadda ba ta fitowa sai da mod, wurin mai mod za a kai ta, a shafinsa na GitHub ko Discord, duk wanda ya ambata a bayanin mod ɗin.

Yawancin mutanen nan kyauta suke wannan aiki, bayan sun taso daga nasu neman abincin, kuma ranar faci saƙonni ke yi musu ruwa. "Ba ya aiki, a gyara" ba ya taimakon kowa, yana ma cikin abin da ke sa wasu ajiye aikin. Duba tukuna ko wani ya riga ya kai rahoton. In ya kai, ƙara naka bayanin a ƙarƙashinsa maimakon buɗe sabo. In kai ne na farko, rubuta lambar sigar wasan, sigar mod, sigar BepInExPack da Jötunn, abin da ka yi daidai kafin kuskuren ya fito, da ko ya sake faruwa a furofayil da babu komai sai wannan mod da ginshiƙansa. Haɗa LogOutput.log cikakke, ba hoton allo da aka ɗauka da waya ba. Kafin ka tura, buɗe shi a Notepad ka share sunan asusun kwamfutarka da adireshin sabarku in sun fito a ciki.